ZAƁEN GADON TAFIYA DON YAWON DAJI DA FARAUTA

Gabatarwa

Kowace shekara da zarar an gama girbi, an kai gero da dawa rumbu, hanyoyin ƙauye sun bushe, sai sha'awar fita ta taso wa matasa a ƙasar Daura. 'Yan Sikawut da 'yan Boys' Brigade sukan shirya tattaki zuwa Tsohon Birni, ko Zango, ko bakin madatsar ruwa ta Sabke ko ta Daberam, su kwana biyu ko uku a waje. A daidai wannan lokaci ne kuma mafarauta ke kaɗa gangi, su kira karnukansu, su nufi daji. Bahaushe ya ce tafiya mabuɗin ilimi, kuma mun yarda da haka. Amma duk wanda ya fita da rana, dare zai same shi, kuma tilas ya kwanta a kan wani abu.

Iyaye da ɗalibai sun sha tambayarmu wane irin gado ya kamata a saya wa mai irin wannan tafiya. Wasu sukan sayi mafi girma don a ga sun yi ƙoƙari, wasu kuma mafi araha don a huta da maganar. Duka biyun sukan ƙare da da-na-sani. Amsar da muke bayarwa ita ce tafiyar ce ke zaɓen gadon. Gadon da ya dace shi ne wanda za a iya kai shi masauki ba tare da ya karya mai shi ba, ya ɗaga mutum daga ƙasa, ya kuma karɓi gidan sauro. A wannan maƙala za mu yi bayanin dalilan haka ɗaya bayan ɗaya.

Me ya sa muke gudun kwanan ƙasa?

Wani zai ce, ai kakanninmu a kan tabarma da buzu suka kwana, kuma sun tsufa. Gaskiya ne. Littafi Mai Tsarki ma ya ba mu labarin Yakubu da ya kwana a fili a Betel, ya yi matashin kai da dutse. To, amma ba kowa ne ke tashi daga irin wannan kwana da albarka kamar Yakubu ba. Da dare ƙasar daji tana da masu ita.

Na farko shi ne maciji. Mu mutanen Daura ba mu bukatar a gaya mana labarinsa, tun da tarihin garin ma da macijin rijiyar Kusugu ya fara, wanda Bayajidda ya kashe a zamanin Daurama. Sai dai wanda ya fi kashe mutane a Arewa ba babba ba ne. Kububuwa ce, 'yar gajera mai launin ƙasa, wadda ta fi yawo da dare. Dafinta yana hana jini daskarewa, har mutum ya yi ta zubar da jini ta dasashi da hanci da tsofaffin raunuka. Akwai kasa mai kwanciya a hanya ba ta gusawa, akwai kuma maciji mai tsartar dafi a ido, wanda yakan biyo ɓera ko kwaɗo har inda mutane ke barci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa saran maciji yana kashe mutum 81,000 zuwa 138,000 a duniya kowace shekara, kuma a 2017 ta sa shi cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi wa sakaci. A Kaltungo ta Jihar Gombe har asibiti na musamman ake da shi saboda wannan matsala.

Na biyu ita ce kunama, wadda ta fi fitowa da bazara, tana neman wuri mai duhu kamar ƙarƙashin tabarma ko cikin takalmi. Bayan ita ga cinnaka, ga kaska a wuraren da shanu suka kwana, ga gara mai cin tabarma da jaka kafin gari ya waye. Sannan duk wanda ya taɓa shimfiɗa bargo a jigawar ƙasar Daura ya san ƙarangiya da tsidau. Bargon da ƙarangiya ta kama, sai a yi yini guda ana tsinta ba a gama ba. Da damina kuwa, daga Yuni zuwa Satumba, danshi ke tasowa daga ƙasa, in ma ba ruwa ne ya malalo ya ratsa shimfiɗar ba.

Gado ba ya kawar da waɗannan abubuwa daga daji, amma yana raba mutum da hanyarsu. Wannan shi ne babban aikinsa. Daɗin kwanciya ƙari ne kawai.

Gadon tafiya ba baƙon abu ba ne

Kada ɗalibai su ɗauka wannan dabara ta zamani ce. Lokacin da aka gano kabarin Fir'auna Tutankhamun a Masar a 1922, an tarar da gado mai ninkewa gida uku a cikin kayansa, wanda aka yi fiye da shekara 3,000 da suka wuce. Napoleon na Faransa ya yi yaƙe-yaƙensa da gadon ƙarfe mai naɗewa, kuma a kan irinsa ya rasu a tsibirin Saint Helena a 1821. A nan ƙasarmu, Turawan mulki in za su rangadi sukan sa 'yan dako su ɗauko musu gado da gidan sauro daga bariki zuwa bariki.

Mu ma muna da namu tun kafin zuwansu. Fulani makiyaya da Buzaye suna da gadon itace da ake warwarewa a ɗaure a bayan jaki ko takarkari ko raƙumi, a harhaɗa shi in an yada zango. Manomi mai kwana a gona yana tsaron amfani yakan kafa 'yan gwafanni huɗu, ya gicciya sanduna, ya shimfiɗa karan dawa. Wannan gadon kara ba ya cin ko kwabo, kuma yana yin aikin da muka faɗa a sama. Aibinsa biyu ne: gara tana cinsa, kuɗin cizo kuma yana ɓuya a cikinsa in ya daɗe. Abin lura a nan shi ne duk waɗannan mutane suna da abin ɗaukar kaya, ko kuwa suna yin gadon a inda suka sauka. Babu wanda ya saɓa gadon itace a kafaɗa ya yi tafiyar yini.

Ire-iren gadon da ake samu

Gadajen tafiya da ake gani a kasuwanninmu, sababbi da na gwanjo, sun kasu kashi huɗu.

1. Gadon soja. Wannan shi ne mai ƙafafu a gicciye kamar almakashi, da tamfol a miƙe tsakanin sanduna biyu. Tsawonsa wajen santimita 190, faɗinsa wajen 65 zuwa 70, tsayinsa daga ƙasa wajen 40 zuwa 45. Na da da katako ake yi, na yanzu da alminiyam. Nauyinsa yakan kai kilo 7 zuwa 9. Yana da ƙarfi, ana iya zama a kansa kamar benci, ana kuma tura jaka ƙarƙashinsa.

2. Gajeren gado mai ƙafafun waya. Ana zura sanduna a gefen tamfol, sannan a lanƙwasa ƙafafun ƙarfe a maƙala su. Tsayinsa bai wuce taƙi ɗaya ba, wato wajen santimita 15 zuwa 20, nauyinsa kuma kilo 3 zuwa 4. In an naɗe shi kamar tabarma yake.

3. Gado marar nauyi na masu hawan duwatsu. Kamfanoni irin su Helinox suna yin wanda bai kai kilo 2 ba. Yana shiga jakar goyo, amma tsadarsa ta fi ƙarfin yawancin iyaye, kuma in wani abu ya karye a jikinsa ba a samun madadinsa a kusa.

4. Gadon ƙarfe mai ninkewa biyu, mai waya ko sifirin da 'yar katifa, irin wanda masu walda ke yi. Ya fi sauran daɗin kwanciya, kuma kowane mai walda zai iya gyara shi. Amma yakan wuce kilo 12, ko an ninke shi ma faɗinsa yana nan.

Tambaya ta farko: wa zai ɗauka?

Kafin a tambayi kuɗin gado, a fara tambayar yadda za a je. Masana tattaki suna ba da shawara kada kayan da mutum zai goya su wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin jikinsa. Bari mu yi lissafi kamar muna aji. Ɗalibi mai nauyin kilo 50 zai iya ɗaukar kilo 10. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, kuma mai tafiya a ranar ƙasar Daura yana bukatar aƙalla lita 4 a yini. Saura kilo 6. A cikin wannan ne za a sa abinci, da bargo, da gidan sauro, da tocila, da tufafi, da Littafi. To, ina wurin gadon soja mai kilo 8? Babu. Abin da yakan faru shi ne yaro ya rage ruwa don ya ɗauki gado, wannan kuwa ciniki ne na hasara, domin ƙishirwa ta fi kwanan ƙasa saurin kayar da mutum.

Saboda haka muke raba shawararmu kamar haka. In da ƙafa za a je, kowa da kayansa, to gajeren gado shi ne iyaka, ko kuwa a bar gado a gida a ɗauki tabarmar kaba da gidan sauro, a yi gadon kara a masauki in an sami izinin mai gona. In akwai jaki ko amalanke ko a-kori-kura da za ta kai kaya, gadon soja ya fi kowanne. Gadon mai walda kuwa sai zaman da za a yi mako guda a wuri ɗaya, kamar taron matasa na ikilisiya, inda mota ke isa har bakin masauki. Daidai ruwa daidai tsaki.

Abin da za a duba a kasuwa

Sai an gwada akan san na ƙwarai. Kada a sayi gado a naɗe cikin jakarsa. A sa mai kaya ya buɗe, mai saye ya kafa shi da hannunsa, ya kwanta a kai, ya juya dama da hagu. Ga abubuwan dubawa:

Tsawo da faɗi. Gado ya fi mai shi tsawo da wajen taƙi ɗaya. In ɗalibi yana aji ɗaya ko biyu, a tuna zai ƙara tsawo kafin ya gama makaranta. Kafaɗu kuma kada su hau kan sandunan gefe.

Tamfol. A ɗaga shi a rana, in haske yana ratsowa ta wasu wurare, ya tsufa. A duba ɗinkin da ya riƙe sanduna, domin nan yake fara yagewa. Ɗinki biyu ya fi ɗaya. Tamfol na auduga ya fi sanyi a jiki da bazara, amma yana da nauyi kuma yana ruɓewa in an naɗe shi da danshi. Na nailan ya fi sauƙi da saurin bushewa, sai dai tartsatsin wuta ɗaya ya isa ya huda shi. In an kwanta, kada baya ya taɓa wani ƙarfe na ƙasa.

Ƙafafu. Wannan ne abin da masu saye suka fi mantawa. Ƙasarmu rairayi ce. Ƙafa mai tsini takan nutse, gado ya karkace cikin dare, har ƙarfen ya lanƙwashe. A nemi mai faffaɗan tafi, ko mai ƙafa lanƙwasasshiya da ke kwanciya a ƙasa. In ba a samu ba, a yanko 'yan guntayen katako ko na tsohuwar taya a riƙa sawa a ƙarƙashi.

Mahaɗai. A duba kowace ƙusa da noti. Tsatsa a mahaɗa alama ce gadon ya kusa ƙarewa. Alminiyam ba ya tsatsa kuma ba shi da nauyi, amma in ya karye ba kowane mai walda ke iya haɗa shi ba. Baƙin ƙarfe yana da nauyi, amma ana gyara shi ko'ina.

Nauyin da yake ɗauka. Yawanci akan rubuta a jikin jaka, sau da yawa kilo 100 zuwa 120. Wannan na mutum ɗaya ne a kwance. Yara huɗu in suka jeru a gefe guda suna hira, to sun gama da shi.

Araha ba ta ado, amma tsada ma ba shaida ba ce. Tsohon gadon soja na gwanjo mai lafiyayyen ƙarfe, in tela ya yi masa sabon tamfol, yakan fi sabo mai sheƙi daɗewa.

Hunturu da bazara

Ga wani abu da yake ba ɗalibai mamaki: da hunturu mai kwana a kan gadon tafiya yakan fi mai kwana a ƙasa jin sanyi. Dalili kuwa na kimiyya ne. Iska tana ratsawa ta ƙarƙashin tamfol tana kwashe zafin jiki, ga shi babu katifar da za ta tare. A Disamba da Janairu sanyin asuba a ƙasar Daura yakan sauko ƙasa da digiri 15 a ma'aunin Salsiyas. Ko mutum ya lulluɓa da bargo uku, in bayansa tamfol ne kawai, zai kwana yana rawar ɗari. Maganin abin shi ne a raba shimfiɗa biyu, rabi a ƙasa rabi a sama. Buzu ko tabarma ko bargo a ninke a kan tamfol ya wadatar. Da tsohuwar zuma ake magani.

Da bazara kuwa, wato Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin rana ke wuce digiri 40, wannan iskar ita ce rahama. Ƙasa takan riƙe zafin yini har tsakar dare, mai dogon gado kuwa ya tsira daga gare ta.

Gidan sauro

Gado ba tare da gidan sauro ba rabin aiki ne. Sauron da ke kawo zazzaɓin cizon sauro da dare yake cizo, kuma Nijeriya ita kaɗai tana da wajen kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da wannan cuta a duniya. Ko da rani akwai sauro a bakin madatsun ruwa da fadamu, wuraren da muka fi son sauka. A nemi gidan sauro mai magani. Wasu gadajen soja suna da ramuka a kusurwa huɗu don kafa sanduna, wannan kuwa babban dalili ne na zaɓensu, domin ba kullum ake samun bishiyar ɗaure igiya ba. A cusa bakin gidan sauron ƙarƙashin shimfiɗa ta kowane gefe. In aka bar shi, ko bargo, yana jan ƙasa, an yi wa kunama tsani ke nan.

Ga mafarauta

Da yawa cikin ɗalibanmu 'ya'yan mafarauta ne, Musulmi da Kirista, kuma da hutu sukan bi iyayensu. Farautar gayya ta yini ɗaya ba ta bukatar gado. Wanda ke bin sawu yana sauya wuri kullum, buzu ya fi masa. Gado yana da amfani ne ga masu kafa sansani su yi kwanaki suna fita suna dawowa. Su kam su nemi mai launin ƙasa, wanda ba ya ƙara in an juya. Kada a feɗe nama ko a rataye shi kusa da wurin kwana, domin jini yana kiran tururuwa da ɓeraye, ɓeraye kuma suna kiran maciji. Karnuka su kwana gefe saboda kaska da ƙuma. Muna kuma tunatarwa cewa tun 1985 akwai dokar tarayya da ta hana kashe namun dajin da suke gab da ƙarewa, kuma cinna wa daji wuta don zomo ɗaya ɓarna ce ga halittar da Allah ya ba mu amana. Ɗalibi ba ya riƙe bindiga a kowace tafiya ta makaranta.

Wurin sauka da abin yi in tsautsayi ya faru

Gado mai kyau a mugun wuri bai tsinana kome ba. A isa masauki da sauran rana. A share fili, a nisanci suri, da tarin duwatsu, da tsibin kara, da kwarin da ruwa ke bi. Itacen wuta a ɗebo shi da rana, a riƙa buga shi da sanda kafin a sa hannu. Mu tuna a cikin itacen wuta ne maciji ya fito ya kama hannun Manzo Bulus a tsibirin Malita, kamar yadda Ayyukan Manzanni sura 28 ta nuna. Da dare kada a sauko daga gado sai an haska ƙasa da tocila, da safe kuma a kakkaɓe takalmi kafin a sa.

Maganar tsaro ma tilas mu faɗe ta. Ba mu manta da ɗalibai fiye da 300 da aka sace daga makarantar sakandaren Ƙanƙara a Disamba 2020 ba. Dazuzzukan yammacin Jihar Katsina, irin su dajin Rugu, ba wurin yawon ɗalibai ba ne. Ko a nan ƙasar Daura, daga Sandamu har Baure, ba a kwana a ko'ina sai da sanin hukumar makaranta, da iyaye, da dagaci ko mai unguwar wurin, kuma a sauka kusa da gari. Masu zuwa wajen Mai'adua da Kwangwalam su kula kada su tsallaka iyakar Nijar ba su sani ba.

In maciji ya sari wani, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya tamau. Baƙin dutsen nan da aka daɗe ana ajiyewa a gidaje da ƙananan asibitoci ba ya zuƙe dafi, dogara gare shi ɓata lokaci ne. A cire zobe da agogo, a kwantar da mutumin, a hana gaɓar motsi, a kai shi asibiti da gaggawa inda ake da allurar kashe dafi. A nan gadon soja yake da wani amfani da sauran ba su da shi: mutum huɗu za su iya kama kusurwoyinsa su ɗauki majiyyaci zuwa bakin titi ba tare da ya taka ƙasa ba. Saboda wannan muke so kowace ƙungiya ta tafi da aƙalla guda ɗaya, ko da sauran duk tabarma suka ɗauka.

Kammalawa

In an dawo gida, a kakkaɓe gado, a shanya shi ya bushe sarai, a ɗiga mai a mahaɗai, a rataye shi inda gara da ɓera ba za su kai ba. Gadon da aka kula da shi haka zai yi wa wa aiki, ya yi wa ƙane.

Ya ku ɗalibai, kafin ku roƙi iyayenku kuɗin gado, ku zauna da shugaban ƙungiyarku ku san inda za a je, da abin da zai kai kaya, da watan da za a yi tafiyar. Ku auna jakarku a sikeli da ruwan shanku a ciki. Wanda iyayensa ba su da hali kada ya ji kunya, tabarmar kaba da gidan sauro da share wuri da kyau sun fi gado mai tsada a hannun marar kula. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Ubangiji ya kiyaye fitarku da shigarku, ya dawo mana da ku lafiya. Amin.